Kafin Ka Ce "A Kai Ta Ƙuri'ar Raba Gardama"

Tun da Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar Samoa, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Pasifik, a watan Yunin 2024, da wuya in zauna a teburin mai shayi a Tudun Wada ban ji wani ya ce, "Ai tunda ba a tambayi jama'a ba, yarjejeniyar ba ta zauna ba." Ɗalibaina ma haka suke rubuto min. Jan birona ya gaji da bin layi ɗaya.

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma ni na san ɗacinsa. Wata shekara na shirya yarana gasar muhawara tsakanin makarantun Zariya, batun kuwa miƙa Bakassi ga Kamaru. Da bakina na ɗora su a kan cewa miƙawar ta saɓa doka saboda ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Wata yarinya daga ɗaya ɓangaren ta ɗaga kundin tsarin mulki ta ce, "Malam mai magana, wane sashe?" Yarona ya tsaya tsit. Mako uku yana hadda, ni na kai shi na baro. Har muka shiga mota bai ɗago kai ba.

Ga abin da ban karanta ba a lokacin. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci ƙuri'ar raba gardama wajen ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da wajen kiranye ga ɗan majalisa. Yarjejeniya da ƙasashen waje kuwa, sashe na 12 ya ce ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Abin takaici, hujja na nan a gabanmu muka tsallake ta: Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa Bakassi na Kamaru ne, Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙawa a Amurka a 2006, a ƙarshen 2007 Majalisar Dattawa ta yi ƙorafi da wannan sashe ɗin dai, cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba. Har gobe ina ganin ya kamata a ce an ji ta bakin mutanen Bakassi. Amma "ya kamata" daban, "doka ta ce" daban. Yanzu kundin yana jakata kullum, kuma ba na barin ɗalibi ya furta "doka ta ce" sai ya ɗora yatsa a kan sashen.

Na biyu, ɗaukar cewa da jama'a sun ce a'a, shi ke nan an rufe babi. Haba 'yan'uwa, ku riƙa bin labari har ƙarshensa mana! A 2016 mutanen Holand sun ƙi yarjejeniyar Tarayyar Turai da Yukren da kashi 61 cikin ɗari, amma ƙuri'ar ta shawara ce kawai, a 2017 majalisarsu ta amince bayan an haɗa da takardar ƙarin bayani. Denmak ta ƙi yarjejeniyar kafa Tarayyar Turai a 1992, aka cire mata wasu sharuɗɗa, ta karɓa a 1993. Girka ta fi ban tausayi: a watan Yulin 2015 jama'a suka ƙi sharuɗɗan masu ba su bashi, kafin wata ya ƙare gwamnati ta karɓi makamantansu, don baitulmali ba kuɗi. Yarjejeniya igiya ce mai baki biyu, ƙuri'arka bakinka kawai take riƙe. Ni dai kafin in kalli sakamako sai na bincika ko ƙuri'ar ta tilas ce ko ta shawara.

Sa hannu ba shi ne tabbatarwa ba. Minista na iya sa hannu yau, majalisa ta ƙi gobe.

Kada ka ce "al'umma ta ƙi" ba ka duba yawan waɗanda suka fito ba. A waccan ta Holand kusan kashi 32 ne suka je rumfa.

Nemo tambayar da aka buga a takardar ƙuri'a ka karanta da kanka. Ni a allo nake rubuta ta kafin a fara gardama.

Masu cewa wannan harkar Turawa ce, ba mu taɓa ganinta ba, su tambayi dattawan Mubi da Ganye. A watan Fabrairun 1961, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, Arewacin Kamarun da ke hannun Birtaniya ya zaɓi Nijeriya, Kudanci ya zaɓi Kamaru. Daga nan aka samu Lardin Sardauna.