Masu haɗa kwamfuta a cikin tebur, ga inda kuke ta faɗawa rami

Jiya bayan isha'i ƙanin wani abokina ya kira ni, wai Yaya don Allah in leƙo unguwar Karantina a nan Jidda in duba masa, kwamfutar da ya haɗa a cikin teburin katako tana mutuwa da kanta da zarar ya fara gem. Tun daga bakin ƙofa na gane ciwon. Tebur ne mai kyau wallahi, gilashi a sama, fitilu ja da shuɗi sai ka ce ɗakin amarya, amma ko hudar da ƙuda zai shiga babu a jikinsa. Shi ne na huɗu da na gani da wannan matsalar a bana, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Babban kuskuren kenan, a rufe akwati ruf a cika shi da fanka a ɗauka an yi sanyaya. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi jama'a, iska kawai take turawa, in babu inda sabuwa za ta shigo babu inda mai zafi za ta fita to juya zafin kawai take yi kamar mai tuƙa tuwo. Katako kuma riƙe zafi yake, ba ya sakinsa kamar ƙarfe. Ni wannan darasin da kuɗina na saye shi. Teburina na farko na sa masa fanka shida, duk suna hurawa ciki, na bar 'yar huda ɗaya a baya wadda ita ma na manna ta da bango. Ranar wata Juma'a a tsakiyar Yuli na bar kwamfuta tana fitar da bidiyon walimar mutane da na haɗa, na kashe mukayyif, wato AC, don tsoron kuɗin wuta na tafi masallaci. Na dawo na tarar da kwamfuta a mace, gilashin ba ya taɓuwa don zafi, hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar bayanai) da aikin ke ciki kuma yana wani ƙaras ƙaras. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta tsira don ita tana da wayo, yawancin samfurin Ryzen in ta kai digiri 95 takan rage gudu, Intel kuma wajen 100, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Hadis bai tsira ba. Kuɗin mutane na mayar, ga kunya, har yau in na haɗu da uban ango sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da nake yi yanzu: iska ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗaya gefen, miƙaƙƙiyar hanya, ta bi ta kan madabod (babban allon da ake dasa sauran kayan a kai) da katin girafik (mai sarrafa hoto). Fanka uku masu milimita 140 na shigarwa, biyu na fitarwa. Da gangan nake sa masu shigarwa su fi yawa, saboda iska ta riƙa fita ta tsagogin katako maimakon ta zuƙo ƙura ta nan, kuma duk wanda ya taɓa ganin ranar gubar, wato guguwar ƙura, a ƙasar nan ya san me nake nufi. Wasu za su ce a daidaita su, su suka sani, ni dai haka na saba. Bakin shigar iska a sa masa raga, ko ragar taga ce ta wadatar, a riƙa kakkaɓe ta duk sati biyu. In ba ka san ina fanka ke hurawa ba, iska na fita ne ta gefen da ke da sandunan da suka riƙe motar, ko ka kara mata tishu ka gani. Kuma don Allah kar ka juya mafitar zafi ta kalli gwiwarka, Jidda ce nan, ga zafi ga ruɗuba, wato laimar iska, za ka tashi da jallabiya a jiƙe.

Na biyu gilashi, shi ma ya ci min kuɗi. Mutum bai gama sayen kaya ba ya ruga ya ba da awon sikurit, wato gasasshen gilashi mai ƙarfi. Sikurit in an riga an gasa shi ba a yanka shi ba a huda shi, ka taɓa shi da abin yanka ya tarwatse kamar tsakuwa. Ni na sa kafinta ya yi min zurfin akwati santimita 14, na karɓo gilashi na biya, sai daga baya na ɗauko kula, wato abin sanyaya furosesa, ta Noctua NH-D15 wadda tsayinta kaɗai milimita 165 ne. Murfi ya ƙi rufuwa. Na ce a ƙara zurfi ta ƙasa, sai gwiwa ta rasa wurin shiga, don tebur gaba ɗaya tsayinsa bai wuce santimita 75 ba, duk abin da ka ba kwamfuta daga cinyarka ka cire shi. Haba, sai ka ce dole! Ka jera kayanka duka a kan kwali tukuna, ka kunna ka ga suna aiki, ka auna da tef, sannan ka je wajen kafinta, gilashi shi ne na ƙarshe. In katin girafik a kwance zai zauna fankokinsa na kallon sama, ni ba na barin ƙasa da santimita 5 tsakaninsa da gilashi, in ba haka ba ka toshe masa hanci. Wurin gwiwa kuma a bar shi siriri, kayan su koma hagu da dama.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Kar ka ɗaure madabod kai tsaye a jikin katako, sa mata 'yan ƙafafun tagullan nan da ke ɗaga ta, ko ka samo tsohon akwatin kwamfuta a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh ka yanko farantin da take zama a kai, ramukan sukurun madabod duk suna nan a shirye. Katakon MDF yana da araha amma in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi, kuma sukuru ba ya kama gefensa da kyau, ni falawud milimita 18 nake saye. Wayar raiza, mai haɗa katin girafik da madabod, in ta PCIe 3.0 ce a kan kati da madabod na 4.0 takan ba ka baƙin allo, ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka mayar da ramin katin zuwa Gen3 kafin ka fara zagin mai shago. Fawa saflai, akwatin da ke raba wa kayan wuta, a yanka masa hudarsa ta kansa ya sha iska daga waje, kuma filogi mai ƙafa uku, kar a karya ƙafar wayar ƙasa (earth). Masu amfani da kula ta ruwa, famfonta kar ya zama shi ne a ƙololuwa, kumfar iska can za ta taru. Ledar da ke manne a gindin kula a ɓare ta, na taɓa ganin wanda ya yi wata guda da ita yana zargin mai sammu.

Shi dai yaron Karantina na zana masa huda biyar da fensir a jikin teburin, na ce ya cire gilashin ya jingine a bayan ƙofa har kafinta ya zo ranar Asabar. Ya ce Yaya ai kyan zai ɓaci. Na ce ya kunna gem ɗin a haka mu gani, ya yi awa biyu bai mutu ba.