Yadda Ake Auna Hawan Jini a Gida

Hawan jini kan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, yana matsa wa jijiyoyin jini har su yi tauri, kafin ya kai ga bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Saboda haka duk wanda likita ya ce jininsa na hawa ya kamata ya mallaki na'urar awo, kuma wadda ake ɗaurawa a dantse ta fi ta wuyan hannu inganci.

Sai dai yadda mutum ya zauna shi ne ke gyara awo ko ya ɓata shi. Minti 30 kafin awo, kada a sha kofi ko taba, kada kuma a yi aikin ƙarfi. A yi fitsari, a zauna shiru na minti 5, a jingina baya, a ajiye ƙafafu a ƙasa ba tare da harɗe su ba. A ɗaura maɗaurin a kan fata, ba bisa hannun riga ba, kamar faɗin yatsu biyu sama da gwiwar hannu, sannan a ɗora hannun a kan tebur daidai da zuciya. Mai kaurin dantse ya nemi babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba, ya tayar da hankalin mutum a banza. Kada a yi magana har na'urar ta tsaya.

Lambar sama tana nuna ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta huta. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma yamma, har kwana 7, a rubuta komai a kai wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 ko fiye, a ranaku biyu daban-daban, a matsayin hawan jini, amma a awon gida likitoci kan duba 135/85.

Abin da ya fi damuna shi ne masu daina magani da zarar lambobin sun sauka, alhali maganin ne ya saukar da su. Idan kuwa awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya sake awo.