Yadda Sabon Ma'aikacin Agajin Gaggawa Zai Samu Aikin Motar Asibiti A Kano

Idan ka kammala horon agajin gaggawa kana zaune kana jiran a buga sanarwar neman ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, za ka daɗe kana jira. A wurare da dama a Kano, motar asibiti direba ce kawai da nas ɗin da aka ga ba ta da aiki a lokacin. Gurbin irin naka sau da yawa sai ka je ka nuna ana bukatarsa kafin a buɗe shi.

Fara da takardu. Haɗa takardar shaidar horonka, da sakamakon sakandare, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ka yi kwafi a fayil guda. Duba takardar BLS ɗinka, wato shaidar horon ceton rai na matakin farko, domin shekara 2 take yi ta daina aiki, kuma masu ɗaukar aiki na duba ranar. In kana da hali ka yi lasisin tuƙi. Ƙaramin asibiti da ba zai iya biyan mutum biyu ba zai fi son wanda ya iya tuƙi kuma ya iya tsayar da jini.

Mataki na biyu, san masu motocin. A ɓangaren gwamnatin tarayya akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala. Asibitin Murtala da na Nassarawa da na yara na Hasiya Bayero kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha, ta can ake bi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, mai lambar kira 122, tana da motocin ceto a manyan hanyoyi, amma ta shafinta na intanet take ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma shirin NEMSAS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2022 don tsara aikin motocin gaggawa, jihohi na shiga ciki. Aikin gwamnati yana da jinkiri, don haka ka cike fom ka ci gaba da nema. Inda sabon hannu ya fi saurin samun shiga shi ne asibitocin kuɗi, da ɗakunan shan magani na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da kamfanonin gina hanyoyi.

Na uku, kuma a ganina shi ne ginshiƙin: kada hannunka ya yi sanyi. Shiga Red Cross reshen Kano, ko ɗaya daga cikin rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini. Ka riƙa fita ranar Hawan Daushe, inda doki ke kayar da mutum ko ya taka shi cikin cunkoso, da ranar wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha, da lokacin tashin alhazai. A nan za ka ga abin da aji bai nuna maka ba: yadda ake ɗora mai karaya a gado alhali mutum ashirin na ja, kowa da shawararsa, wani na cewa a kai shi wurin mai ɗori. Ka tanadi ƙaramin littafi kana rubuta ranar fita da abin da ka yi, ba tare da sunan majiyyaci ba, shugaban tawaga ya sa hannu. Ranar intabiyu littafin nan ya fi dogon bayani tasiri. Kuma likitoci da nas-nas da ka haɗu da su a fili su ne za su fara kiranka in gurbi ya samu.

Sannan ka kai takardarka da ƙafarka. Kada ka bar ta wurin mai gadi. Nemi metiron, wato shugabar nas-nas, ko mai kula da sashen haɗari da gaggawa, ka je da hantsi bayan an gama zagayen likitoci, ka gaisa cikin ladabi: "Ranki ya daɗe, na yi horon agajin gaggawa, ko da na gwaji ne ina so a ga aikina." Mata kada su ja baya, akwai gidajen da suka fi sakin jiki idan mace ce za ta ɗauki mai naƙuda. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ka riƙe kuɗinka.

A intabiyu za a iya ajiye maka mutum-mutumin gwaji a ce ka farfaɗo da shi. Danna ƙirji 30, hura numfashi 2, saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfi santimita 5 zuwa 6. Ka san dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da mai bukatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ka san gari: in an ɗauko mutum daga Kurna da la'asar, ta ina za a bi a kauce wa cunkoson 'yan Adaidaita Sahu? Jiniya ba ta buɗe hanyar Kantin Kwari.

Kafin ka amsa aikin, roƙi a buɗe maka motar. Murɗa kan tukunyar oksijin ka ga ko allurar ma'auninta ta motsa. Ja gadon ka ji ko yana kullewa. Duba abin ɗaure wuya, da jakar hura numfashi, da na'urar zuƙe majina, da safar hannu, da na'urar sanyaya mota, domin a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Tambayi wa ke sayen mai, kwana nawa ake aikin dare a mako, ko ana biyan alawus in an kai majiyyaci Kaduna ko Abuja, ko kuma da motar ake ɗaukar gawa. Amsoshin su shiga takardar yarjejeniya kafin ka sa hannu.