Dabarar gwada babbar lamba da 7, 11 da 13

'Yan'uwa, kafin ku ce babbar lamba ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, ku gwada wannan. Ku yanka ta uku-uku daga hannun dama, sannan ku riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi. Misali 2,348,437: 437 a ɗebe 348 a tara 2, ya ba da 91. To 91 kuwa 7 sau 13 ne, ke nan lambar tana rabuwa da 7 da 13, ban da 11. Sirrin shi ne 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1,001. In sifili ya fito, duka ukun sun shiga. Inda ake yin tuntuɓe shi ne fara yankan daga hagu; rukunan sai su karkace, amsar ta lalace.