Yadda Ake Jinyar Gwiwa Bayan Aikin Dashen Jijiya

Jijiyar da ake magana a kanta tana tsakiyar gwiwa, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar na cinya, kuma yawanci takan tsinke ne a filin ƙwallo ko a fagen kokawa, lokacin da ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya murɗa. Ba kasafai take haɗewa da kanta ba, shi ya sa likita yake yanko wata jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta ya ɗaure. Aikin bai cika wuce awa 2 ba, amma jinyarsa takan ci wata 9 zuwa 12.

Wanda aka yi wa aikin a Yamai kuma gidansa yana Tawa, kada ya yi gaggawar kama hanya sai likita ya ba shi izini, domin tafiyar kusan kilomita 550 da ƙafa a naɗe tana iya sa jini ya daskare a sharaɓa. Idan tafiyar ta zama dole, a sama masa wurin miƙe ƙafa, ya riƙa motsa tafin sawunsa sama da ƙasa, ya kuma sha maganin hana daskarewar jini yadda aka rubuta masa.

A mako biyun farko babu abin da ya kai miƙe gwiwa muhimmanci. Masu jinya, saboda tausayi, sukan cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa don majinyaci ya samu sauƙi, alhali wannan shi ne kuskuren da ke barin ƙafa a ɗan lanƙwashe, mutum ya ƙare da ɗingishi mai wuyar gyara. Wurin matashi shi ne ƙarƙashin dunduniya, ta yadda gwiwar za ta rataya ta miƙe da nauyin kanta na kamar minti 10, sau da yawa a yini. Akwai zafi a ciki, sai an daure. Game da kumburi kuwa, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora minti 15 zuwa 20, kada a bari ta taɓa fata ko ta jiƙa ɗinki. Idan an ɗauke wuta, ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa ta wadatar. Gashi da ruwan zafi, wanda muka saba yi wa targaɗe, ba nan ne wurinsa ba, haka nan murzar mai ɗori, komai gwanintarsa a kan karaya.

Naman gaban cinya yana saurin zubewa bayan aikin, don haka tun kwanakin farko majinyaci zai fara ɗaure shi yana kwance, ya danna bayan gwiwa a kan katifa, ya ƙirga biyar ya saki. Idan hakan ya samu, sai ya riƙa ɗaga ƙafar a miƙe, ya kuma ja dunduniya zuwa jikinsa a hankali. Abin da ake nema a ƙarshen mako na 2 shi ne gwiwa ta lanƙwasu gwargwadon zaman kujera. Likitan motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, shi zai auna wannan, kuma ganina shi ne kuɗin zuwa wurinsa ya kamata a ware su tun kafin a shiga tiyata.

Sandunan dogarawa sukan ɗauki mako 2 zuwa 4, ko fiye idan an ɗinke guringuntsin gwiwa. A tsakar gida mai yashi sanda tana nutsewa, a banɗaki mai jiƙaƙƙen siminti kuma tana zamewa, don haka a gyara hanyar tun da wuri. Tsuguno haramiyarsa ne a wannan lokaci, sai a tanadi kujera mai huda a ɗora a kan masai, a kuma yi salla a zaune a kujera, wanda shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya. Zazzaɓin da ya haura 38, ko mugunya a bakin ɗinki, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, duk suna bukatar asibiti nan take.

Lokaci mafi haɗari shi ne tsakanin mako na 6 da na 12. Ciwo ya tafi, an ajiye sanda, 'yan dubiya suna ta barka, amma a daidai nan ne jiki yake sake gina sabuwar jijiyar, ƙarfinta kuma yana raguwa kafin ya dawo. Saurayin da ya ji garau ya hau kabu-kabu, direba ya taka birki, shi saurayin ya dire da ƙafar, yana iya mayar da aikin baya gaba ɗaya. Abin da ya dace a nan shi ne keken motsa jiki na tsaye, da tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Gudu a miƙaƙƙiyar hanya yakan fara a wata na 3 ko na 4, idan babu kumburi. Ƙwallo da kokawa kuwa sai bayan wata 9, kuma sai kine ya gwada ƙafafun biyu da tsalle da ɗaga nauyi, ya ga wadda aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ɗayar.