Tsokana a Turancin Ingila da na Amurka: inda aka fi kwafsawa

Yawancinmu Turancin Ingila aka koya mana a makaranta amma finafinan Amurka ne suka cika mana kunne, shi ya sa in aka zo wajen tsokana sai mu cakuɗa su, wani lokacin a yi dariya wani lokacin kuma a sha kunya.

Wanda aka fi kwafsawa a kai shi ne "taking the piss". In ɗan Ingila ya ce maka "are you taking the piss?" tambayarka yake ko zolayarsa kake, ko kuma yana ganin ka raina masa hankali, misali mai shago ya tsuga masa kuɗi. To amma kana cire "the" ka sa "a" magana ta koma fitsari, kuma dama Amurkawa da yawa ba su san ta farkon ba sai su ɗauka banɗaki kake nufi. Ko a Ingilan ma maganar da ɗan nauyi, gaban manya ko a ofis "taking the mickey" ake cewa. A Amurka ka tsaya kan "I'm just messing with you" ka huta.

Sai "pissed". A Amurka fushi ne, a Ingila buguwa ce. Ka je Manchester ka ce wa abokin aiki "I was so pissed yesterday", kai da ko warin giya ba ka sani ba, shi kenan ya sa ka a layin 'yan mashaya. Ƙara "off" a bayanta ka ce "pissed off", duka ɓangarorin biyu za su gane haushi ka ji.

"Winding you up", wato zolayarka ake, ta 'yan Ingila ce, kuma "waindin" ake furtawa, ba ruwanta da "wind" mai nufin iska. Amurkawa "yanking your chain" suke cewa ko "busting your chops". In ka rikice ka ce "pulling your leg", wannan kowa ya san ta.

Amma wallahi kalmomin ba su ne babbar matsalar ba, gane lokacin da ake wasan ne. Ba'amurke galibi yana tsokanarka zai bi da dariya ko "just kidding". Ɗan Ingila kuwa fuska a murtuke zai ce maka wannan rigar taka kamar labulen kakarsa, ya ci gaba da shan shayinsa, kai kana can kana kumbura kana tunanin wariya ce alhali sau da yawa alama ce ya sake da kai, irin dai yadda Bafillatani da Babarbare suke yi. Shi ne "banter" ɗin da 'yan Arsenal da Man U suke ta jifan juna da shi. Rama da taka mai laushi, in ba ka da ita ka fara da zolayar kanka, suna son haka sosai. Kawai kar kai ka fara da wanda ba ku saba ba.

"Roast" irin na Comedy Central, tashar talabijin ta barkwanci a Amurka, kuma da yardar mutum ake zaunar da shi a kujera a yi masa tas. Barkwancin "yo mama" wasa ne na baƙaƙen Amurka da suke kira "the dozens", yana da mutanensa da wurinsa, kar ka gan shi a fim ka je ka taɓa uwar wani a wurin aiki, har kora ana yi kan abin da bai kai haka ba.