Darasi na Bakwai: Ɗumi da Hasken da Tsakar Kiwo Take Buƙata

Tsakar da ake kiwo a cikin akwatin gilashi a ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus dabam take da wadda muke gani a jikin bango tana farautar ƙwari a gindin fitila. Iri uku ne suka fi yawa a hannun masu kiwo. Akwai mai ɗigo-ɗigo irin na damisa, wadda asalinta busassun wurare masu duwatsu ne na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Akwai mai kaurin wutsiya, wadda 'yar Afirka ta Yamma ce, ana samun ta tun daga Senegal har zuwa arewacin Kamaru. Ta uku ita ce mai tukku, daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke Tekun Pasifik, wadda aka ɗauka ta ƙare a duniya har sai da aka sake gano ta a 1994. Wannan darasi zai fi mayar da hankali ga biyun farko, domin buƙatunsu sun yi kusa da juna.

Jikin tsaka ba ya samar wa kansa ɗumi kamar na mutum ko na akuya. Daga wurin da take kwance take samun sa, kuma da wannan ɗumin ne cikinta yake narkar da gyare da fara da sauran ƙwarin da ta ci. Idan wurin ya yi sanyi sai ta daina cin abinci, ko kuma abincin ya zauna mata a ciki. Idan ya yi zafi fiye da kima kuma ba ta da wajen gudu, tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Saboda haka aikin mai kiwo shi ne ya raba akwatin gida biyu, gefe ɗaya mai ɗumi, ɗaya mai sanyi-sanyi, ya bar ta ta zaɓi inda za ta zauna kamar yadda take yi a daji tsakanin kan dutse da cikin rami. Akwatin da tsawonsa ya kai santimita 90 ya fi sauƙin rabawa, domin a ƙaramin akwati zafi yakan game ko'ina.

A gefen ɗumi, ƙasan akwatin ya kasance tsakanin digiri 31 da 33 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi kuma tsakanin 24 da 26. Da dare ba laifi idan ya sauka, amma kada ya gaza 18. A ajiye maɓoya a kowane gefe, domin tsakar da take da maɓoya guda ɗaya tak za ta lafe a cikinta ko da zafin wurin bai dace da ita ba. Ana kuma son maɓoya ta uku mai ɗan damshi, wadda take taimaka mata idan za ta yi saɓa, musamman mai kaurin wutsiya da ta fi 'yar'uwarta son laima. Mai tukku kuwa ba ta jure wannan zafi. Tsakanin 22 da 26 ya ishe ta, kuma 30 haɗari ne gare ta.

Ana samar da ɗumi ko dai da ƙwan lantarki da ake ratayawa a saman gefe ɗaya, ko da shimfiɗar ɗumi ta lantarki da ake liƙawa a ƙarƙashin akwatin, wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba. Kowanne aka zaɓa, dole ne a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, wadda take yanke wuta da kanta idan zafin ya kai inda aka tsayar mata. A ganina wannan na'ura ce abu na farko da ya kamata a saya, tun kafin a sayi tsakar. Duwatsun roba masu ɗumama kansu da ake sayarwa a shaguna a guje su, domin sukan ƙona cikin dabba. Kada kuma a gwada zafi da tafin hannu. A sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a ɗora bakin kowanne a ƙasa inda cikin tsakar yake taɓawa.

Batun haske ya ɗan fi wuyar fahimta, domin waɗannan dabbobi da magariba da asuba da cikin dare suke fitowa, shi ya sa aka daɗe ana cewa ba su buƙatar fitila. Duk da haka suna buƙatar bambanta dare da rana, wato haske na kimanin awa 12 da duhu na awa 12. Akwai kuma wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ana kiran sa UVB, wanda fata take amfani da shi wajen samar da bitamin D3. Idan babu wannan bitamin, jiki ba ya iya ɗaukar sinadarin kalsiyam daga abinci, sai ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya kasa kama ƙwaro. Masu kiwo da yawa yanzu suna sa doguwar fitilar UVB mai rauni a gefen ɗumi, tare da barbaɗa garin kalsiyam a kan ƙwarin da za a ba ta. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, don haka a ɗora fitilar a kan murfin raga ko a cikin akwatin. Ƙarfinsa yana raguwa ko da fitilar tana ci, shi ya sa ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12. Zabiyar tsaka idonta ba ya son haske mai ƙarfi, sai a ƙara mata wuraren inuwa. Da dare a kashe kowace fitila, har da ja da shuɗiya. Idan ana buƙatar ɗumi a lokacin, akwai ƙwan tangaran da yake ba da zafi ba tare da haske ba.

Wanda yake zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya lura cewa yawancin shawarwarin da zai karanta an rubuta su ne don ƙasashen sanyi. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, matsalarsa ita ce sanyaya akwatin, ta hanyar kashe kayan ɗumi da mayar da shi ɗakin da ya fi sanyi. Kada a ajiye shi inda rana take bugun gilashin. A daren hunturu kuma, idan an ɗauke wuta, a zuba ruwan ɗumi a kwalba, a naɗe ta da tawul, a jingina ta da bangon akwatin ta waje.

Aikin da za ku yi: ku rubuta abin da ma'aunai biyun suka nuna da safe da azahar da dare har tsawon mako guda kafin ku saka tsaka a ciki. Idan daga baya kuka ga ta ƙi abinci ko tana jan ƙafa, ku tafi da ita wurin likitan dabbobi tare da wannan takarda.